Ki Huta, Za Mu Yi Miki

A daminar 2022 muka yi wani zaman makoki a gidan haya da ke Badariya, cikin Birnin Kebbi. Mai makokin malamar firamare ce, 'yar ƙasar Zuru, kuma tana cikin mawaƙan majami'armu. 'Yan bindiga ne suka tarar da ƙanenta a gona can ƙauyensu suka harbe shi. An binne shi tun kafin labari ya iso mata, hanya kuma ba ta biyuwa a lokacin, don haka a nan birni ta karɓi gaisuwa. Mu samari aikinmu shi ne kwaso benci daga majami'a, da ɗebo ruwa, da tarbar baƙi a bakin ƙofa. Matan Zumunta suna ciki tare da ita.

A rana ta uku da yamma aka ce a yi addu'a kafin a watse. Sai muka jiwo muryarta ta taga, babu kuka a ciki, babu ɗaga murya: "Mama, ni fa na daina addu'a. Shekara biyu ina roƙo a kan yaron nan kowane dare. Ban ga amfaninta ba." Ɗakin ya yi tsit. Mu kuma a waje muka kasa kunne mu ji ayar da za a jawo mata. Uwar Zumunta, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ce: "To, 'yata, ki huta. Za mu yi miki." Ta yi addu'ar a gajarce, aka ce amin, aka shiga kwashe kwanuka.

A hanyar mayar da benci gardama ta kaure tsakaninmu. Wani ɗan'uwa, wanda duk ya fi mu sanin Littafi, ya ce Mama ta yi kuskure. A ganinsa bangaskiya ba bashi ba ce da wani zai biya wa wani, kuma wanda ya ga ɗan'uwansa na zamewa ya yi shiru, bai ƙaunace shi ba. Wasu suka ce tsohuwar ta yi daidai, amma da aka tambaye su dalili sai suka kasa kawo shi. Har yau ba mu gama wannan gardama ba. Shin mutum zai iya riƙe wa wani bangaskiya? In zai iya, me ake riƙewa? In kuma ba zai iya ba, ashe maganar tsohuwar lallashi ce kawai, irin wadda ake yi wa yaro don ya daina kuka.

Ya kamata mai karatu ya san su wane ne mu. Kiristocin Birnin Kebbi da Argungu yawancinmu ba a nan aka binne cibiyarmu ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, aikin gwamnati ya jawo iyayenmu daga Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu da Yawuri zuwa sabon babban birni. Wasu kasuwanci ya kawo su daga kudu, wasu aikin soja ko na ɗan sanda, wasu kuma bautar ƙasa suka zo yi suka zauna. Bishara ta shiga ƙasar Zuru tun shekarun 1920, ta hannun 'yan mishan ɗin da ikkilisiyar UMCA ta gada. Ranar Lahadi za ka ji Dakarci da Kambarci da Igbo a farfajiyar majami'a, amma in an shiga ciki, a wurare da dama da Hausa ake sujada, daga Littafi Mai Tsarki wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Mu tsiraru ne a garin da yake hedikwatar masarautar Gwandu, kuma nesa muke da dangi. Wanda ciwo ya kwantar a ƙauye, baffanni da gwaggwanni ne ke kewaye shi. A nan majami'a ce ke tsayawa a gurbinsu.

Wahalhalun shekarun nan kuwa yawancinsu tare muka sha da maƙwabtanmu Musulmi. Ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar fadama ba ta tambayi sunan mai gona ba. Ranar 17 ga Yuni, 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a ƙasar Zuru. A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kwanon abinci da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutane a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. Duk wanda ya zauna a jihar nan cikin waɗannan shekaru ya san gidan da aka yi kuka.

Shakkar da irin wannan rayuwa ke haifarwa ba daga littattafan masana take fitowa ba. Malamar nan ba ta ce babu Allah ba. Cewa ta yi ta roƙa ba a ba ta ba. Mu da muka karanta ilimin kwamfuta, muke cin abinci da rubuta manhaja, wannan magana tana sukar mu a wani wuri na musamman, domin sana'armu ta horar da mu a kan gwaji. In ka ba manhaja abu ɗaya sau biyu ta ba ka amsa iri biyu, ka san akwai matsala, kuma ba za ka miƙa ta ga mai ita ba sai ka gano inda take. To ga iyayen ɗaliban Birnin Yawuri, Musulmi da Kirista, kowa ya yi azumi ya yi addu'a. Wasu 'ya'yansu sun dawo cikin 'yan watanni, wasu sai da suka kusa shekara biyu a daji. Babu wanda zai iya duban idon uwar da ta fi jira ya ce mata roƙonta ne ya gaza na 'yar'uwarta. Wanda ya saba da gwaji, in ya zo nan, ko dai ya rufe ido ko ya yarda cewa yana ɗauke da tambayar da ba shi da amsarta. Da yawanmu muna ɗauke da ita, muna kuma zuwa sujada da ita a aljihu.

Ɗan'uwan nan mai gardama yana da gaskiya a wani fanni, kuma bai kamata a take ta ba. Ba a ci wa mutum abinci ya ƙoshi. Abin da ke tsakanin zuciya da Mahaliccinta, babu wakili a cikinsa. Da Uwar Zumunta nufinta shi ne malamar ta sallama al'amarin gaba ɗaya, wasu su riƙa gaskatawa a madadinta har ƙarshen ranta, da maganar ba ta da ma'ana.

Sai dai Littafin da yake kafa hujja da shi cike yake da mutanen da aka ɗauka lokacin da ƙafafunsu suka ƙi. A sura ta biyu ta Bisharar Markus, mutum huɗu sun ɗauko wani shanyayye, suka tarar da gida ya cika, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Marubucin ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, wato har da ta masu ɗaukar, kuma ba a rubuta mana ko kalma ɗaya da shanyayyen ya furta ba. Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Almasihu sai ya gani da idonsa, amma bayan mako guda, da Yesu ya sake bayyana, Toma yana cikin ɗakin tare da sauran almajirai. Ma'ana dai, mako guda ya yi yana zaune cikinsu bai gaskata abin da suka gaskata ba, kuma babu wanda ya nuna masa ƙofa. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu ga jama'a da bakinsa, da ya daɗe a kurkuku sai ya aika a tambayo ko shi ne ɗin ko a jira wani. Zabura ta 88 kuwa ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, babu ta'aziyya a ƙarshenta, kuma aka bar ta cikin littafin waƙoƙin sujada domin jama'a su rera tare.

In muka haɗa waɗannan, za mu ga abin da tsohuwar ta yi alkawarin riƙewa. Gurbin malamar ta riƙe mata. Ta gaya mata cewa addu'a za ta ci gaba a gidan nan ko da bakinta ya rufe, sunanta zai kasance a ciki, kuma duk ranar da ta dawo ba za ta tarar an ba wani mazauninta ba. Wannan abu ne da mutum zai iya yi wa mutum. Ai tun farko ma babu wanda ya ƙago bangaskiyarsa shi kaɗai. A bakin uwa muka fara jin ta, kamar yadda muka ji harshe, muka yi ta maimaita kalmomin shekaru kafin su zama namu. Wanda ya karɓi abu daga hannun jama'a tun yana goye, ba abin mamaki ba ne jama'a su ajiye masa shi ranar da hannunsa ya mutu.

A sana'armu akwai darasi mai kama da wannan. Duk tsarin da aka ɗora a kan na'ura ɗaya tak, ranar da ta tsaya komai ya tsaya. Kowa ya ɗanɗani irin haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, lodi ya fi ƙarfin na'urori, kuɗi suka riƙa maƙalewa a hanya. Saboda haka mai gina tsari na gari yana fara aiki ne da yarda cewa kowace na'ura za ta faɗi wata rana. Sai ya jera su da yawa, in ɗaya ta faɗi sauran su raba aikinta, in ta tashi su cike mata abin da ya wuce ta. Ikkilisiyar da ke zaton kowane mai bi zai tsaya daram kowace rana, ta yi gini a kan zato marar tushe. Amma misalin yana da iyaka. Na'urar da ta cika faɗuwa cire ta muke yi mu sa wata, babu wanda ke yi mata makoki. Zumuntar da ta ɗauki mutane haka, tana ƙirga kawuna ranar Lahadi ba ta damu da ko su wane ne ba, ta riga ta mutu ko da benci a cike yake.

Akwai wata tuhuma da ta fi ta ɗan'uwanmu nauyi, kuma a zukatanmu take tasowa in dare ya yi. In dai abin da ke riƙe mu shi ne tuwon da mata ke kaiwa gidan makoki, da kuɗin asibitin da ake tarawa, da zaman da ake yi da mutum, to mene ne na Allah a ciki? Ƙungiyar 'yan gari tana yin haka. 'Yan adashe suna yi. Maƙwabtanmu Musulmi suna yi, wani lokaci ma fiye da mu: su yi zaman makoki, su yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, unguwa ta ciyar da gidan mamaci. A makokin nan na Badariya, tabarmin da muka shimfiɗa a waje na wani Alhaji ne maƙwabci, shi ya aiko da su tun ba a tambaye shi ba. Ashe ba zumunci ne kawai na 'yan Adam muke yafa wa rigar addini ba?

Dole mu amince da rabin wannan magana. Zumunta ba hujja ba ce a kan cewa abin da aka taru a kansa gaskiya ne. Mutane sun sha haɗa kai a kan ƙarya su kuma ƙaunaci juna a cikinta. Wanda ya ce ya gaskata domin 'yan majami'arsu mutanen kirki ne, ranar da suka ci amanarsa za su tafi da bangaskiyarsa. Haka kuma alherin Alhajin nan ba ƙaramin alheri ba ne don ba daga majami'a ya fito ba. Mun gode wa Allah dominsa kamar yadda muka gode domin Uwar Zumunta.

Abin da za mu iya faɗa a rabin da ya rage guda biyu ne. Na farko, adashe yana da ƙa'ida: wanda ya daina zubi ba ya kwasa. Malamar nan ta fito fili ta ce ta daina zubin da ya fi kowane muhimmanci a wannan taro, aka kuma ci gaba da ba ta kwasa. Wannan shi muke kira alheri, wato samun abin da ba ka biya ba, kuma shi ne ainihin abin da muka ce mun gaskata game da Allah. Na biyu, a koyarwarmu Allah bai aiko da bayani a kan wahala daga nesa ba, ya shigo cikinta ne da jiki. Bisharun Matiyu da Markus sun shaida cewa Yesu kansa, a kan gicciye, ya yi kira yana tambayar dalilin da aka yashe shi. Don haka mai irin wannan tambaya bai fita daga addinin ba tukuna. Kuma tunda Sabon Alkawari yana kiran ikkilisiya jikin Almasihu, ba ma raba tuwon da aka kawo da amsar Allah. Muna cewa ta wannan hannun ya ga dama ya miƙo. Wannan furucin bangaskiya ne, ba sakamakon gwaji ba, kuma mun san bambancinsu. Wanda bai yarda ba zai ga tuwo kawai, ba kuwa za mu iya tilasta masa ya ga fiye da haka ba.

In wannan ne ma'aunin, to sau da yawa mukan faɗi. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka zama ƙarin ciwo, kuma a ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa. Muna da jikokinsu a cikinmu. Akwai wa'azin da ke gaya wa wanda albashinsa ba ya kai tsakiyar wata cewa ƙarancin baikonsa ne ya rufe masa ƙofa. Akwai roƙon addu'a da mutum zai kawo a asirce, kafin mako ya zagayo ya zama hirar kasuwa. Akwai ƙabilanci, inda ciwon ɗan gari kaza ya fi saurin tara kuɗi. Samari da yawa da muka taso tare sun daina zuwa, ba don sun sami amsa a wani wuri ba. Sun yi tambaya sau ɗaya aka kalle su kamar masu cuta mai yaɗuwa, sai suka koma yi wa wayarsu tambayar cikin dare.

Haɗari na biyu shi ne zumunta ta zama ganuwa. A watan Mayu na 2022, da aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, tsoro ya shiga gidajenmu duk da cewa Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Iyaye suka riƙa jan kunnen 'ya'yansu a kan abin da za su rubuta a WhatsApp. Tsoro irin wannan yana haɗa kan mutane da sauri, amma haɗin da yake yi na tumaki ne in sun ji kura. Mutum ya daina gaida maƙwabci, ya daina zuwa suna da biki, ya ƙare yana ganin duk wanda ke wajen katanga abokin gaba ne. Tarihin kwarin nan yana da abin koya mana. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu, aka shafe shekaru masu yawa ana gaba tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarki Muhammadu Sama, aka yi masa kamun kifi na girmamawa, wanda shi ne tushen bikin da ake yi a Matan Fada. Da ƙafa aka kashe waccan gabar, wani ya taka ya je gidan wani. Wani ɗan majami'armu da ke noman shinkafa a fadamar Argungu ya ci bashi ya zuba a gona a 2020, ruwa ya tafi da komai. 'Yan'uwa a ikkilisiya suka haɗa masa kuɗin iri da na man injin ban ruwa domin noman rani. Amma ranar da ruwan ya zo, masunta Kabawa ne suka fito da shi da ɗansa a kwalekwale. In yana ba da shaida a majami'a, duka biyun yake ambata.

Malamar ta dawo sujada bayan mako uku. Ba ta koma cikin mawaƙa ba. A bencin baya take zama kusa da ƙofa, in an tashi waƙa ta tashi, bakinta a rufe. Haka ta yi wata da watanni. Matan Zumunta kan biya mata ranar taronsu, in ta ce ba za ta ba su ce to, mako mai zuwa su sake biyawa. Ɗan'uwanmu mai gardama ya so ya je ya yi mata nasiha, Uwar Zumunta ta ce masa: "Ɗana, in za ka je, ka tafi da gawayi, nata ya ƙare." Ya kai gawayin, ya dawo bai yi nasihar ba, ko da yake har gobe yana nan a kan ra'ayinsa cewa wata rana sai an yi mata magana. Wataƙila yana da gaskiya a kan wata ranar.

Bara aka yi rasuwa a gidan wani ɗan'uwa a Argungu, muka cika mota muka je. Da muka shiga sauke kaya ta bayan gida, sai muka tarar da malamar a tsugune tana wanke tukwane, ta riga mu isowa tun jiya, ta kwana a ɗaki ɗaya da matar mamacin. Mun gaisa, ta tambaye mu hanya, ta nuna mana inda za mu jera benci. Ba mu tambaye ta ko ta koma yin addu'a ba, ita ma ba ta faɗa ba.